Inda ake shekara biyu ana koyon aikin gandiroba

Daga Abuja muka tashi da daddare, muka yada zango a Santambul, kashegari da la'asar muka sauka a filin jirgin sama na Gardermoen, arewa da birnin Oslo. Watan Oktoba ne, ganyen itatuwa ya yi ja da rawaya yana ta zuba, sanyin kuwa irin mai ratsa ƙashi ne. Aikina koyar da kurata a ɗaya daga cikin makarantun horar da gandirobobi da ke Arewa, kuma a dalilin wannan aikin aka haɗa ni da wasu malamai irina daga Kenya, Yuganda, Gana da Nijar, domin mu je mu gane wa idonmu yadda ƙasar Norwe take shirya mutumin da za ta damƙa wa makullan gidan yari.

Ba sai da muka shiga Oslo ba. Makarantar tana Lillestrøm, wani gari da ke kan layin dogo tsakanin filin jirgin da babban birnin, tafiyar 'yan mintoci. Sunanta KRUS, tarihinta ya faro tun 1937, kuma ita kaɗai ce a ƙasar: duk wanda zai zama cikakken gandiroba a Norwe ta nan zai bi. Da muka isa da safe, abin da idona ya fara nema shi ne filin fareti, domin a wajenmu da shi ake gane makaranta, a nan kurtu yake wayar gari, a nan rana take faɗuwa a kansa. Ban gan shi ba. Abin da na gani ajujuwa ne, da ɗakin karatu cike da littattafai, da zauren motsa jiki, da samari da 'yan mata cikin yunifom suna tafe da kwamfuta a hannu.

Wata malama mai furfura, wadda ta ce ta daɗe tana aiki a cikin gidajen yari kafin ta dawo koyarwa, ita ta zaunar da mu ta warware mana tsarin. Karatun shekara biyu ne, kuma ana biyan ɗalibi albashi tun daga ranar da ya fara. Zangon farko a makaranta ake yin sa. Daga nan sai a tura shi wani gidan yari ya shekara yana aiki a ƙarƙashin tsofaffin hannu da aka ware musamman don su kula da shi, ana kuma ci gaba da ba shi darasi da jarrabawa. Sai ya dawo makaranta ya ƙarasa zangon ƙarshe. Idan ya gama, wajibi ne ya yi shekara guda a duk inda hukuma ta tura shi. Masu nema sukan haura dubu a shekara, 'yan ɗaruruwa kaɗan ake ɗauka, bayan an duba takardun sakandare, an tabbatar mutum ba shi da tabon laifi, an gwada ƙarfin jikinsa, an kuma zauna da shi an ji yadda yake magana da yadda yake kallon ɗan Adam. Ta ce wannan zaman na ƙarshe shi ne ya fi kayar da mutane. Wanda ya zo da ƙishirwar nuna iko, a bakinsa ake jin ta, kuma ba a ɗaukarsa ko da ya fi kowa gudu.

Darussan da ta lissafa sun haɗa da dokar ƙasa, haƙƙin ɗan Adam, ɗa'ar aiki, ilmin sanin dalilan aikata laifi, ilmin halayyar mutum, lafiyar ƙwaƙwalwa, shaye-shaye, da yadda ake kwantar da rikici. Akwai kuma koyon kare kai da yadda ake danne mutum idan ya tayar da ƙayar baya, har da shiga ɗaki da garkuwa da hular kwano. Ba su yar da wannan ɓangaren ba, kada wani ya ɗauka wasa suke yi. Sai dai sun ajiye shi a matsayin abin da ake komawa gare shi idan komai ya ƙi.

Abin da ya fi zauna mini a rai a makarantar wani sashe ne da aka gina shi tamkar cikin gidan yari, da ɗakunan kwana da ƙofofi masu nauyi da komai. A nan ake gwada ɗalibai. Mun tarar ana wani gwaji: wata yarinya da ba ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba aka ce ta shiga ta shaida wa ɗaurarre cewa an ƙi amincewa da buƙatarsa ta zuwa ganin mahaifinsa da ke kwance a asibiti. Wani malami ne ya fito a matsayin ɗaurarren, ƙato, kuma ya iya abin. Ta ƙwanƙwasa ƙofa kafin ta buɗe. Ta kira shi da sunansa. Ta nemi izinin zama. Da ta faɗa masa, ya miƙe ya daki tebur ya hau zagi. Na ga hannunta yana rawa, amma ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ja da baya ta rufe ƙofa ba. Ta bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ta gaya masa dalilin ƙin, ta gaya masa yana da damar ɗaukaka ƙara, ta ce za ta taimaka masa ya rubuta, za ta kuma nema masa waya ya ji muryar uban a ranar.

Bayan an gama sai aka kunna hoton bidiyon abin da ya faru, ajin duka suka zauna suna tsefe shi. Ina ta tsaya? Me ya sa ta bar shi ya shiga tsakaninta da ƙofa? Wace kalma ce ta ƙara hura wutar, wacce ta sassauta ta? Abokan karatunta suka faɗa mata gaskiya ba tare da cin fuska ba, ita ma ta faɗi abin da ta ji a ranta lokacin da ya daki teburin. Na daɗe ina koyarwa, na san yawancin faɗan da ke tashi a cikin yadi daga irin wannan lokacin yake farawa: an kawo wa mutum mummunan labari ta mummunar hanya, ko an ce masa a'a ba a gaya masa dalili ba. Ga shi a nan sun mai da wannan lokacin darasi, ana maimaita shi har sai ya zauna a jikin ɗalibi.

Suna raba tsaro gida uku. Akwai na katanga da makulli da kyamara. Akwai na tsari, wato ƙidaya, jadawalin aiki, bincike, da rubuta rahoto. Na ukun shi ne tsaron mu'amala: gandiroba ya kasance a tsakiyar ɗaurarru, ya san kowa, ya san wanda matarsa ta daina zuwa ziyara, wanda ake bi bashi, wanda ya daina cin abinci, domin ya hango fitina tun tana nesa. Wannan ba ƙirƙirar Norwe kaɗai ba ce. Dokokin Mandela na kula da fursunoni, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a watan Disamba na 2015, sun ambace shi a doka ta 76 cikin abubuwan da dole a koya wa ma'aikaci. Doka ta 74 ta ce a tsaya a zaɓi ma'aikata da kyau, a biya su albashin da zai jawo mutanen kirki ya kuma riƙe su. Ta 75 ta ce kada a sa mutum aiki sai ya yi horo ya ci jarrabawa. Ƙasashenmu duk suna cikin Majalisar da ta zartar da waɗannan dokoki. Na sha karanta wa kurata su a aji, amma a Lillestrøm na ga an fitar da su daga takarda.

A wajen cin abincin rana muka shiga kwatanta ƙasashe. Abokin tafiyarmu na Kenya ya ce a kwalejinsu ta Ruiru wata tara kurtu yake yi. Na Yuganda ya ba mu labarin makarantarsu ta Luzira da gonakin gidajen yarinsu, inda ake noma masara da auduga. Malaman KRUS suka ce Jamus ma shekara biyu take yi, Danmak uku, Ingila kuwa makonni ne da ba su fi goma zuwa sha biyu ba kafin a tura mutum cikin yadi. A Amurka, ma'aikacin gidan yarin tarayya mako uku yake yi a cibiyar Glynco da ke jihar Jojiya, ban da abin da za a nuna masa a inda aka tura shi. Wannan ya nuna mini cewa ba arziki kaɗai ke yanke tsawon horo ba, tunda Ingila da Amurka ba matalauta ba ne. Abin da ƙasa ta ɗauki aikin shi ne ke yankewa. Idan a ganinta gandiroba mai gadin ƙofa ne, makonni sun isa. Idan kuwa ta ɗauke shi mutumin da zai zauna da mai kisa da ɗan ƙwaya da mai taɓin hankali shekara da shekaru, ya kuma mayar da su gari da ɗan sauƙi, to sai an ba shi lokaci.

Su ma 'yan Norwe ba haka suka taso ba. Malamar ta ce a shekarun 1980 gidajen yarinsu cike suke da ƙwaya da tarzoma da gudun fursunoni, kuma tsakanin ƙarshen waɗannan shekarun da farkon na 1990 an kashe musu ma'aikata biyu. Wannan ne ya tilasta musu zama su sake tunani. A 1998 gwamnati ta kai wa majalisa wata takardar manufa da ta sauya fasalin aikin, a 2008 aka ƙara wata. Daga nan aka ƙarfafa tsarin da kowane ɗaurarre yake da gandirobansa na musamman, wanda zai zauna da shi su tsara yadda zaman zai kasance da abin da zai tarar ranar fita: wurin kwana, aiki, makaranta, magani, bashin da ke kansa. Gandiroba ɗaya mutum biyu ko uku yake riƙewa a haka.

Kwana na gaba muka hau jirgin ƙasa zuwa Halden, kudu maso gabas, dab da iyakar Suwidin, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Gari ne ƙarami a bakin ruwa, da wata tsohuwar ganuwa a kan dutse mai suna Fredriksten, inda aka harbe sarkin Suwidin Charles na 12 a 1718 lokacin da ya zo cin garin da yaƙi. Gidan yarin yana bayan gari a cikin daji. An buɗe shi a 2010, yana ɗaukar mutum kusan 250, kuma gida ne na masu manyan laifuka: kisa, fyaɗe, safarar ƙwaya. Katangar siminti ce mai tsawon mita shida ta kewaye shi. Aka karɓe wayoyinmu, aka bi da mu ta na'urar bincike, ƙofa ba ta buɗewa sai ta baya ta rufe. Ta wannan fuskar dai gidan yari ne sosai.

A ciki ne abin ya bambanta. An bar itatuwa da duwatsu yadda Allah ya yi su, ɗaurarru suna fita daga inda suke kwana su taka zuwa wajen aiki ko makaranta da safe, su dawo da yamma. Ɗakin kowa da gado da tebur da banɗaki da ƙaramin firji da talabijin, taga kuma babu ƙarafuna, gilashi ne mai kauri. Akwai garejin gyaran mota, wajen aikin kafinta, kicin na koyon girki, ɗakin naɗar sauti, kanti, da wani gida na daban inda mai iyali zai iya kwana da matarsa da 'ya'yansa idan ya cika sharuɗɗa. Malaman da ke koyarwa da likitoci da masu kula da ɗakin karatu ba ma'aikatan gidan yari ba ne, daga hukumomin gari suke shigowa, su ne dai masu yi wa sauran jama'a aiki. Hujjarsu ita ce hukuncin kotu 'yancin walwala kaɗai ya ƙwace, sauran haƙƙoƙin mutum suna nan.

Waɗannan kayan su ne 'yan jarida suke ɗauka a hoto, kuma su ne suka fi ɗauke hankalin wasu daga cikinmu. Ni kam ma'aikatan nake kallo. Babu mai bindiga, babu mai kulki a hannu. Mata suna da yawa a cikinsu, a gidan maza zalla. A wani sashe na tarar da gandiroba zaune a tebur ɗaya da ɗaurarru suna cin abinci, wani kuma yana buga kati da su. Wuƙaƙen kicin suna nan, an ɗaure su da waya a jikin bango. Wanda ke zagayawa da mu ya nuna mana ofishin masu gadi na sashen, ɗan ƙarami matsattse, ya ce da gangan aka gina shi haka don kada ma'aikaci ya ji daɗin zama a ciki, ya fito ya shiga mutane. Ya ƙara da abin da tsohon shugaban gidan, Are Høidal, ya sha nanatawa, cewa duk wanda ke ciki wata rana zai fita ya zama maƙwabcin wani, saboda haka tambayar ita ce wane irin maƙwabci ake so a saki. A Norwe babu hukuncin kisa, babu ɗaurin rai da rai. Mafi tsawon ɗauri a yawancin laifuka shekara 21 ne, ko da yake akwai tsarin da kotu za ta riƙa ƙara wa mutum wa'adi muddin ana ganin yana da haɗari. Shi aka yanke wa Anders Breivik, wanda ya kashe mutum 77 a ranar 22 ga Yuli, 2011.

A wajen aikin kafinta na gamu da wani saurayi ɗan Afirka ta Yamma. Da ya ji daga inda na fito sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni Baba. Na tambaye shi zaman. Ya ce ba a taɓa dukansa ba, ba a taɓa zaginsa ba, ya koyi sana'a, amma kada in bari firji da talabijin su ruɗe ni, domin idan aka rufe ƙofa da dare shi kaɗai ne da tunanin uwarsa, kuma shekarun ba sa gudu. Na tambaye shi gandirobansa fa. Ya ce wata mata ce, ita ta lura ya daina fitowa cin abinci lokacin da aka aiko masa da rasuwar ƙanensa, ita ta nemo masa liman, ta kuma zauna da shi har ya iya magana. Na yi masa ta'aziyya, muka yi addu'a a tsaye a nan.

Ba na so in zana Norwe kamar ba ta da aibu, su ma ba su ɓoye mana ba. An daɗe ana sukarsu a kan yawan kulle mutum shi kaɗai, musamman masu jiran shari'a da masu taɓin hankali. A 2019 ofishin da majalisarsu ta ɗora wa sauraron koken jama'a ya fitar da rahoto na musamman a kan haka, kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da azabtarwa ya yi musu magana. Tsakanin 2015 da 2018 sai da suka yi hayar wani gidan yari a ƙasar Holan saboda ƙarancin wuri. Ma'aikatan Halden sun yi mana kukan an rage kuɗi, hannu ya yi kaɗan, wasu ƙwararru suna barin aikin. Wani ya faɗi maganar da na rubuta a littafina: idan ma'aikata suka ragu, abin da ake fara yi shi ne a kulle mutane a ɗaki, kuma da zarar an kulle su duk karatun shekara biyun nan ya tashi a banza.

Mun kuma leƙa tsibirin Bastøy, inda ake shiga jirgin ruwa daga garin Horten. Ɗaurarru ɗari da 'yan kai ne a can, babu katanga, suna zaune a ƙananan gidajen katako, suna noma da kiwon shanu da tumaki da dawaki, wasunsu ma su ne ma'aikatan jirgin da ya kai mu. Da dare ma'aikata ƙalilan ne suke kwana a tsibirin. A da wurin makarantar horon kangararrun yara ce da ta yi ƙaurin suna wajen mugunta, har yaran suka yi bore a 1915 aka turo musu sojoji. Ƙasa ɗaya ce, tsibiri ɗaya, abin da ya canja shi ne irin mutanen da aka sa su riƙe wurin da abin da aka koya musu.

Da muka dawo Oslo ranar Juma'a, ni da abokina na Nijar, wani mai muƙamin ajidan ɗan Damagaram, muka yi salla a unguwar Grønland, inda masallatai da shagunan 'yan Pakistan da Somaliya suke, muka sami shinkafa da naman halal muka zauna. A ƙasarsu dakarun tsaron ƙasa da ake kira Garde Nationale ne suke gadin gidajen kaso, mutanen da asalin horonsu na soja ne. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, mu bar yaudarar kanmu. Waɗannan mutum miliyan biyar da rabi ne, ga man fetur, fursunoninsu duka wajen dubu uku ne. Kusan kowane fursuna da ma'aikacinsa. Ni kuwa sai ka ga mutum ɗaya a kan ɗari. Da wa zai zauna ya sha shayi?"

Na ce, "Ajidan, gaskiyarka." Domin a Najeriya muna da ɗaurarru wajen dubu tamanin a gidajen da ba a gina su don wannan adadin ba, kuma kashi biyu cikin uku ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Ga kuma abin da Norwe ba ta sani ba: a watan Yuli na 2022 'yan bindiga suka fasa gidan yarin Kuje da bama-bamai, sama da mutum 800 suka tsere. Wanda ke fuskantar irin wannan dole ya horar da masu bindiga, dole ya yi fareti, dole kurtu ya san umarni. Ban dawo da ra'ayin a rushe wannan ba. Amma mai bindiga a kan hasumiya yake ko a bakin ƙofa. Wanda ke cikin yadi, ko a Kano ko a Halden, hannu wofi yake shiga, kuma da bakinsa da idonsa yake aiki. Ƙarancin hannun da Ajidan ya faɗa ma shi ne ya sa muka fi su buƙatar wannan ilmin, domin mutum ɗaya ba zai iya danne ɗari da ƙarfi ba. Idan yadi ya zauna lafiya, to saboda akwai wanda ake jin maganarsa ne, kuma akwai wanda ake zuwa a raɗa masa cewa ana ƙulla wani abu.

Na tuna masa da tsofaffin da muka tarar a aikin. A kowane gida akwai irin wannan dattijon sajan, wanda idan faɗa ya kaure shi ake kira, ya shiga ba sanda, ya kira mutum da sunan ubansa da garinsu, ya ce kai wane, ashe ba ka jin kunyata, sai ka ga an ajiye makami. Wasunsu sun gaji abin ne tun daga waɗanda suka yi aiki a gidajen yarin En'e ƙarƙashin Yari da dogaran sarki, kafin a haɗe su da na tarayya a 1968. Abin da Norwe ta kira tsaron mu'amala muna da shi, sai dai a wajenmu baiwa ce ta mutum ɗaya, ba a rubuta ta ba, ba a jarraba kowa a kanta, kuma ranar da dattijon ya yi ritaya sai ta bi shi gida. Su kuwa sun mai da ita sana'a, suna koyar da ita kamar yadda maƙeri yake zaunar da yaro kusa da zuga har hannunsa ya faɗa.

Akwai kuma maganar darajar ma'aikacin kansa, wadda ta fi ci mini rai. Ɗaliban da na zanta da su a Lillestrøm sun zaɓi aikin ne, wasu sun baro koyarwa ko aikin jinya ko soja. Iyayensu ba sa jin nauyin faɗin abin da 'ya'yansu suke yi. A wajenmu sau da yawa yaro yakan zo ne bayan ya nemi kwastan da shige da fice bai samu ba, jama'a kuma suna kallon gandiroba a matsayin na ƙarshe a cikin masu kaki. Mutumin da aka raina, aka bar shi da ƙaramin albashi da gidan haya mai yoyo, aka kuma horar da shi da tsawa da gwale-gwale kaɗai, abin da aka zuba masa shi zai juye wa na ƙasa da shi. Kuma shi ne wanda ɗaurarre mai kuɗi zai fi sauƙin saye ya shigo masa da waya ko ƙwaya. Duk gyaran da za a yi wa gidan yari, idan bai bi ta kan wannan yaron ba, ba zai kai cikin yadi ba.

Dokarmu ta 2019, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Gyaran Hali, ta buɗe ƙofofi masu kyau. Ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma hidima da sakin talala, ta kuma ba shugaban hukumar na jiha ikon sanar da Babban Joji idan gida ya cika, har ya ƙi karɓar sababbi idan ba a ɗauki mataki ba. A 2023 aka gyara tsarin mulki jihohi suka sami damar kafa nasu gidajen. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa tana da cibiyoyi a cikin wasu gidajen yari, ɗaurarru suna yin digiri. Duk waɗannan sababbin ayyuka ne da suke buƙatar sabon ma'aikaci, wanda zai iya rubuta rahoto a kan mutum, ya bibiyi fayil a kotu, ya gane alamar ciwon ƙwaƙwalwa. Jihar da za ta gina gidan yari, ina roƙonta ta fara tambayar inda za ta horar da masu riƙe shi kafin ta sayi bulo. Amurkawa ma sun gane haka: jihar Dakota ta Arewa ta tura manyanta Norwe a 2015, kuma a gidan yarin Chester na jihar Pensilbaniya an buɗe wani sashe a 2022 bayan an kai ma'aikatansa sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu na ƙasashen Sikandinebiya.

Da na dawo gida na rubuta rahoto na miƙa, na nemi a tsawaita zaman kurata a cikin yadi ƙarƙashin tsofaffin hannu da za a zaɓa a kuma ba su ɗan alawus. Wannan yana hannun manya. Abin da ke hannuna shi ne ajina. Na sami wani ɗakin ajiya da ba a amfani da shi, muka share, muka sa tabarma da bokiti da bargo, na roƙi wani sajan mai ritaya ya riƙa zuwa yana fitowa a matsayin ɗaurarre. Da wayar hannu muke ɗaukar hoton, mu kalla tare. Ranar farko kurata dariya suka yi ta yi, har sai da sajan ya ɗaga murya ya fasa bokitin da ƙafa, wanda ke gabansa ya daskare ya rasa abin faɗa. Daga ranar aka daina dariya.

Na kuma ɗora wa kowane kurtu aiki idan an tura shi gwaji: ya zaɓi mutum biyar cikin masu jiran shari'a, ya san sunansu da garinsu da laifin da ake tuhumarsu da ranar da aka kai su kotu ta ƙarshe, ya rubuto mini. Wata yarinya daga cikinsu ta kira ni a waya tana cewa, "Yallabai, akwai wani a cikin nawa, zargin satar akuya ne, ya shekara uku ba a sake kiran shari'arsa ba, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ganinsa." Na ce ta kai wa jami'in walwala na gidan a rubuce, ta ajiye kwafi. Ta kai. An nemo fayil ɗin, an sa sunansa cikin waɗanda za a gabatar wa Babban Jojin jiha idan ya zo zagayen rage cunkoso, ita kuma ta koma kan sauran huɗun.